Kukan Bayan Kanta

Yammacin Lahadi ne, rana ta yi ja ta sunkuya bayan katangar maƙwabta. Umma na tsaye a kicin tana yanka albasa, Auta goye a bayanta yana barci. Jefi-jefi takan ɗaga kai ta kalli sabuwar kantarta, ta yi murmushi ita kaɗai.

Shekara biyu ta yi tana neman wannan kanta. Kicin ɗin ƙarami ne, mutum biyu ba sa gilmawa a cikinsa sai ɗaya ya karkace. Bango ɗaya ƙofa ta cinye shi, ɗaya murhu, ɗaya wurin wanke-wanke. Na huɗun kuwa wata shirgegiyar taga ce, tun daga ƙugun mutum har kusa da silin, da faffaɗan dakali a gindinta. Saboda haka tukwane a ƙasa suke kwana, buhun shinkafa a ƙarƙashin gado, galan ɗin mai a bayan ƙofar falo. Mijinta kuma kafinta ne, kowa a unguwar Kafinta yake ce masa. Takan ce da shi, “Ka yi wa rabin gari kanta, matarka na tuntuɓe da tukunya. Mai tuƙa jirgi ya bar iyalinsa a bakin gaɓa.”

Shi kuma yakan ce, “Umman Likita, wannan tagar haka muka same ta. Iska ma abinci ce.”

Da ƙyar ya yarda. Ranar Asabar magini ya zo bayan azahar, dattijo mai yawan zikiri, ya cire tsohon firam ɗin tagar, ya jera bulo layi uku a kan dakalin, kowane bulo sai ya yi bisimilla kafin ya ɗora. Ya shafe da siminti, ya bar wata ’yar taga a sama, iyakar yadda hayaƙi zai samu hanya. Ranar Lahadi Kafinta ya jingina kantar da ya haɗa a jikin sabon bangon, hawa huɗu, tana ƙamshin katako. Kafin la’asar Umma ta jere komai a wurinsa.

Tana cikin yankan albasar nan ta ji kukan jariri.

Ba ta ma tsaya ba, ta soma jijjiga bayanta tana cewa, “Yi shiru, yi shiru.” Sai da ta yi jijjiga uku kafin ta lura kumatun Auta na kwance a kafaɗarta, numfashinsa na sauka a hankali a wuyanta. Barcinsa yake yi. Kukan kuwa bai tsaya ba. Siriri ne, a shaƙe, kamar na ɗan da aka kifa wa kwano. Ba daga gidan maƙwabta yake zuwa ba. Daga bayan kantar yake fitowa, daidai hawa na biyu, tsakanin robar gishiri da gwangwanin madara.

Ta ajiye wuƙar. Ta kara kunne. Bangon ne yake kuka.

Ta daɗe a tsaye, albasa na yi mata yaji a ido. Ta tuna maganar mijinta, ta tuna shekara biyun nan, ta tuna yadda zai kalle ta idan ta ce a rushe. Sai ta ce a ranta ƙila kyanwa ce ta haihu a bayan gida. Ta jawo buhun shinkafa daga hawan ƙasa, ta cicciɓa ta ɗora shi a hawa na biyu, ta danna shi jikin bangon. Kukan ya ragu. Ta kunna rediyo.

Washegari da magariba aka fara jifa. Kafinta na alwala a tsakar gida tsakuwa ta faɗo kan kwanon rufi, ta gangaro ta tsaya a gaban ƙafarsa. Ya ɗaga kai zai yi wa yaran unguwa faɗa, sai ta biyu ta zo, sai ta uku, sai suka zubo kamar ƙanƙara. Ya fita ya zaga gidan, babu kowa a layin. Da ya dawo ya tsinci ɗaya ya duba, sai ya ga gutsuren siminti ne, irin ragowar da magini ya bari. Kuma duk a kan rufin kicin suke sauka, babu ko ɗaya a kan ɗakuna.

Babbar ’yarsu ta fito da littafi a hannu. Shekarunta sha tara, tana koyon aikin jinya, shi ya sa tun shekararta ta farko a makarantar suke tsokanarta da Likita har sunan ya zauna. Ita kaɗai suka haifa, suka yi shekara goma sha takwas shiru, har sun cire rai, sannan Allah ya kawo Auta.

“Baba, ka ji ana waƙa a kicin?” in ji ta.

Suka kasa kunne. Can ƙasa-ƙasa, muryar mace ce tana rera wani abu marar kalmomi, irin wanda ake yi wa yaro don ya yi barci. Gashin jikin Kafinta ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya ɗauko wayarsa, ya kunna karatun Alƙur’ani, ya ajiye ta a kan sabuwar kantar, ya ƙure murya. Nan take waƙar ta yanke. Jifan ma ya tsaya.

“Alhamdu lillahi,” in ji shi. “Kada wanda ya kashe wannan karatun.”

Umma ba ta ce komai ba. A ƙarƙashin karatun, ita kaɗai, tana jin kukan nan. Ya fi na jiya rauni.

Ranar Talata gidan ya wuni lafiya har aka kira magariba. Likita ta dawo daga makaranta, ta yi sallama, ta sha ruwa, ta shiga kicin don ta taya uwarta. Tana taka ƙofar ta tsaya cak. Kofin da ke hannunta ya faɗi. Ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, ta yi wata ƙara da ba a taɓa jin irinta a bakinta ba, sannan ta fizgi wayar ta yi jifa da ita tsakar gida. Ta juya kan kantar. Ta watsar da tukwane, ta ture buhun, ta kama katakon da hannu ɗaya ta fizge shi daga bango kamar kwali, kantar da maza biyu suka ɗauko da nishi. Ta durƙusa ta shiga yaƙushin siminti da farcenta har jini ya soma bin yatsunta.

Sai da Kafinta ya kira maƙwabta biyu kafin aka janye ta. Da aka kwantar da ita a falo ta daina fizga. Ta juyo da kai a hankali, ta sauke idanunta a kan Auta da ke hannun uwarsa, ba ta ƙara ɗauke su ba. Ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta amsa sunanta ba. Duk inda Umma ta matsa da yaron, idanun nan na biye da shi.

Malamin da aka yi musu kwatancensa ba ya gari sai Laraba. Bayan la’asar Kafinta ya kawo shi a bayan babur. Tsoho ne siriri, tsohon malamin makaranta, gilashinsa ɗaure da zare a gefe ɗaya. Bai zo da komai ba sai carbi da ’yar gorar ruwa. Ya tsaya a ƙofar kicin ya daɗe yana kallon sabon bangon da shatin jini a jikinsa. Ya ce a kawo yarinyar nan tsakar gida, a shimfiɗa tabarma inda take iya ganin kicin ɗin.

Ya zauna nesa da ita kaɗan, ya fara karatu a hankali, ba tsawa. Tun tana shiru har jikinta ya soma rawa. Bayanta ya lanƙwashe. Sai wata murya ta fito daga bakinta, muryar babbar mace, a dishe kamar ta wadda ta kwana uku tana kuka.

“Ya isa. Ka daina ƙona ni. Ban zo faɗa da kai ba.”

Malam ya tsaya. “Ke wace ce?”

“Maƙwabciya. Na riga su zama a nan.”

“Maƙwabciya ba ta shiga jikin ’yar maƙwabta. Me yarinyar nan ta yi miki?”

“Ita ba ta yi mini komai ba. Baki na ara. Na yi jifa ba su gane ba. Na yi waƙa suka kore ni.” Hannun Likita ya ɗagu, yatsa mai jini ya nuna kicin. “Ɗana na cikin bangon nan.”

Kafinta ya yi salati. Umma ta ƙara ƙanƙame Auta.

“Yi bayani,” in ji Malam.

“Akwai wani ɗan rami a kusurwar dakalin tagar, inda rana ke ɗumamawa bayan azahar. Kullum nan nake kwantar da shi in tafi nema. Ranar Asabar na dawo na tarar an ɗora bulo a kansa, yana cikin kogon bulon. Mai ginin kuma da sunan Allah ya rufe. Ka fi ni sani, abin da aka rufe da wannan sunan ba ma iya buɗe shi. Kwana biyu ina zaune a jikin bangon ina yi masa waƙa don ya san ina nan. Sai suka kunna karatu a kansa. Ko kusa ban ƙara iya zuwa ba.”

Kafinta ya sunkuyar da kai, ya dafe goshinsa.

“To, kin ji da kunnenki,” in ji Malam. “Magini bai sani ba. Maigidan nan bai sani ba. Ba a kama mutum da abin da bai gani ba.”

Aka yi wata ’yar dariya marar daɗi a bakin Likita. “Su ba su sani ba. Tambayi matar.”

Malam ya juya, ya dubi Umma ta saman gilashinsa.

“’Yata, kin ji wani abu?”

Ta kalli mijinta, ta kalli yatsun ’yarta. “Na ji,” ta ce, da ƙyar. “Tun ranar Lahadi. Na ji kukan jariri.”

“Me kika yi?”

“Na jingina buhu.” Hawaye ya zubo mata. “Na kunna rediyo.”

“Umman Likita!” in ji Kafinta.

“Uwa ce,” in ji muryar. “Da goyo a bayanta ta yi. Tun safiyar yau ban ƙara jin motsinsa ba. Saboda haka ga magana ɗaya. A buɗe. In yana da rai, na ɗauki abina na bar muku gidan. In babu, na ɗauki nata. Ɗa da ɗa.”

“Wannan ba za a yi ba,” in ji Malam. Muryarsa ba ta ɗaga ba, amma ta yi nauyi. “An zalunce ki, na yarda, kuma ta amsa laifinta a gabanki. Amma jaririn nan bai jingina buhu ba. Ba na cinikin rai da ke.”

“To ni ma ba na fita. Ka yi ta karatu. Kafin ka ƙone ni, na karya ta.”

Wuyan Likita ya soma juyawa baya a hankali, a hankali, fiye da yadda wuya ke juyawa. Malam ya ɗaga carbinsa zai ci gaba. Umma ce ta miƙe. Ta ɗora Auta a cinyar tsohon ba tare da ta nemi izini ba, ta shiga rumfar da mijinta ke ajiye kayan aiki, ta fito da guduma.

“Ku yi ta cinikinku,” ta ce. “Yaro na ciki.”

Ta nufi bangon ta ɗaga gudumar. Muryar ta yi kururuwa, “Kar ki buga! Za ki murƙushe shi!”

Kafinta ya riƙe hannun matarsa. Ya karɓi gudumar, ya ɗauko ƙaramin kurfi, irin wanda yake sassaƙa ramin makulli da shi. “Wane bulon?” ya tambaya, bai yarda ya kalli fuskar ’yarsa ba.

Likita ta rarrafo har cikin kicin, ta ɗora tafin hannunta a layin ƙasa, bulon kusurwar hagu.

“Riƙe kurfin,” ya ce da Umma. “A karkace. In na ce juya, ki juya.”

Haka suka durƙusa su biyu a cikin tarkacen tukwane. Yana bugawa kaɗan-kaɗan, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar marar lafiya, tana bin layin simintin da kurfin. Gari na zuba a kan zaninta. Hasken da ke shigowa ta ’yar tagar sama ya tashi daga fari ya koma ruwan goro, ya soma dusashewa. Sau ɗaya gudumar ta kuɓuce ta sami babban yatsanta, ba ta ko janye hannun ba. A bayansu ana jin numfashin Likita, da ƙarar carbin Malam.

Daidai lokacin da aka fara kiran magariba fuskar bulon ta tsage. Kafinta ya sa yatsu ya zare gutsuren a hankali.

Babu komai a cikin kogon. Duhu ne kawai, da wani ɗumi da ya bugi fuskokinsu, da warin kwanciyar jariri.

Likita ta tura hannu biyu ciki. Ta zaro su a tafe, a hankali, kuma duk wanda ke wurin ya ga yadda hannuwan suka yi ƙasa, kamar an ɗora musu nauyi. Ta kai ƙirjinta. Rigarta ta lotsa daidai inda kan jariri zai kwanta.

Suka jira. Ladan ya kai rabin kira. Babu kuka.

“Ba ya motsi,” in ji muryar, yanzu ƙasa-ƙasa. “Ba ya motsi.” Kan Likita ya soma ɗagowa, idanun suka tafi neman cinyar Malam.

“Da ɗumi a jikinsa?” in ji Umma da sauri.

“Da saura.”

“Kifa shi a hannunki. Shafa bayansa, da ƙarfi, daga ƙasa zuwa sama. Haka. Hura masa iska a fuska.” Ta matso har gwiwarsu na haɗuwa. Ta manta da wa take magana. “Ya buɗe baki?”

“Ya buɗe. Yana nema.”

“To ba shi mana!”

“Babu.” Muryar ta karye. “Kwana huɗu. Nonona ya ƙafe.”

Umma ta dubi gaban rigarta. Tun da aka fara fasa bangon ruwan nono ke zuba, ya jiƙa ta har ciki. Ta waiga. “Malam?”

Tsohon ya ce da wadda ke jikin Likita, “Ki saurara da kyau. In ya sha, ya zama ɗanta. Ya zama ɗan’uwan wannan da ke cinyata, nono ɗaya. Daga ranar ke uwa ce gare shi, ba abokiyar gaba ba. Kin yarda?”

“Na yarda. Ku yi sauri.”

“Ki rantse da wanda sunansa ya hana ki buɗe bangon.”

Ta rantse.

Kafinta ya juya baya. Umma ta ɗauki murfin wata kwalba daga ƙasa, ta goge da gefen zaninta, ta tatsa a ciki har ya cika. Ta kai shi ƙirjin ’yarta, inda babu komai, ta karkata. Farin ruwan ya gangaro daga bakin murfin. Bai ɗiga a rigar ba, bai ɗiga a ƙasa ba. A iska ya ɓace. Ta sake tatsa, ta sake ba shi. A murfi na uku ta ji wani abu ƙarami, mai zafi, ya kama ɗan yatsanta ya matse.

Sai kukan ya tashi. Wannan karon kowa ya ji shi, har Auta ya farka ya taya.

Likita ta miƙe da abin da ke hannunta, tana jijjigawa. Ta fita tsakar gida, ta nufi ƙofar waje, Malam na biye da ita, Auta a hannunsa. A bakin zaure ta tsaya, ba ta juyo ba.

“Ba za ku ƙara ji na ba,” in ji muryar. “Ban yafe buhun ba. Amma na ga yatsanki.”

Hannuwan Likita suka saki. Gwiwoyinta suka lanƙwashe, ubanta ya tare ta kafin ta kai ƙasa. Ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

“Umma, me ya sami hannuna? Wa ya yi wa kicin haka?”

Malam ya tofa addu’a a ruwan gorarsa ya ba ta ta sha. Da zai tafi bai yi wa Umma wa’azi ba. Cewa kawai ya yi ta sa wa yatsanta magani.

Yatsun Likita sun yi sati uku kafin su warke, ta koma makaranta, ba ta tuna komai daga abin da ya faru. Kafinta ya kwana biyu ba ya haɗa ido da matarsa. A rana ta uku ya shigo kicin da abin awo, ya tambaye ta inda take so a mayar da kantar, suka yi shawara kamar mutane. Ba a ƙara jifa ba, ba a ƙara waƙa ba.

Bayan wata biyu Umma ta kai Auta asibiti awo. Ma’aikaciyar da ke cike kati ta tambaye ta shekarunta, ta faɗa. Ta tambayi haihuwa nawa, ta ce biyu.

“Duka biyun kin shayar da kanki?”

Umma ta yi jim.

“Baiwar Allah, da ke nake. Nawa kika shayar?”

“Uku,” in ji Umma.

Matar ta ɗago ta dube ta, ta duba katin, ta ga layi na jira a baya. Ta rubuta uku, ta kira ta gaba.